Wasannin Kwamfuta A Kan Linux: Kwaɗon Da Ke Hana Mai Gida Shiga, Ya Ƙyale Ɓarawo

Masu iya magana kan ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan haka yake idan mutum ya ga rariyar da idonsa kafin ya biya. To amma a kasuwar wasannin kwamfuta, sau da yawa a ƙunshe ake miƙa wa mai saye kaya, sai ya je gida ya tarar da kwaɗo rataye a jikin abin da ya saya, makullin kuma yana hannun kamfani can a Amurka ko Faransa ko Japan. Babu inda wannan lamari ya fi fitowa fili kamar wurin masu amfani da tsarin Linux. Dalili ke nan da muka ga ya dace mu ja hankalin jama'a masu karatu a kansa, domin maganar ta wuce ta wasan yara. Magana ce ta sanin wane ne ke da iko da kwamfutar da mutum ya saya da guminsa.

Ga waɗanda ba su sani ba, kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, wadda sauran manhajoji ke hawa a kanta. Wadda aka fi sani a wurinmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, kuma ta sayarwa ce, kamfanin ne kaɗai ke da ikon taɓa asalin rubutunta. Shi kuwa Linux, wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara shi a shekarar 1991, daga baya ya sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL na ƙungiyar da Richard Stallman ya kafa. Wannan lasisi ya yarje wa kowa ya karanta rubutun, ya gyara, ya kwafa, ya raba wa wanda ya ga dama, bisa sharaɗin kada ya hana na bayansa irin ƴancin da shi ya samu. A yau Linux ne ke ƙarƙashin wayoyin Android da ke aljihunmu, kuma tun daga 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da shi suke aiki.

Duk da wannan ɗaukaka, Linux ya daɗe yana ɗingishi a fagen wasanni. Kamfanoni suna rubuta wasanninsu ne don Windows, inda masu saye suke. An yi ƙoƙarin magance wannan ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a sake gina wasan don Linux, kamar yadda kamfanin Loki na Amurka ya yi daga 1998, sai dai ciniki bai kai ba, ya rufe a farkon 2002. Ta biyu ita ce manhajar Wine, wadda masu aikin sa kai suka fara a 1993. Aikinta kamar na tafinta ne: wasa ya yi magana da harshen Windows, ita kuma ta mayar wa Linux da harshen da yake ji. A nan ne aka fara gane inda gizo ke saƙa. Sau da yawa tafintar takan iya da wasan kansa, da hotonsa da sautinsa, amma sai a maƙale a bakin ƙofa, saboda kwaɗon hana kwafi da aka rataya masa.

Yaya wannan kwaɗo yake aiki? A zamanin faifai, kamfanoni sun yi amfani da irin su SafeDisc da SecuROM da StarForce. Ana dasa wasu alamomi a jikin faifan, har da kurakurai na ganganci, waɗanda na'urar kwafi ba ta iya ɗauka daidai. Idan aka kunna wasa, sai wata ƴar manhaja ta leƙa faifan ta tabbatar na asali ne. Domin ta yi wannan leƙe, takan kutsa can cikin zuciyar Windows, wurin da manhajojin yau da kullum ba su da izinin shiga. To Linux ba shi da wannan ƙurya a yadda kwaɗon ya san ta, saboda haka sai ya yanke hukuncin cewa faifan na sata ne, alhali mutum yana riƙe da rasiɗinsa a hannu. Wani kamfani mai suna TransGaming ya ɗauki Wine ya mayar da ita ta kuɗi da sunan Cedega, ya sayi izinin fahimtar waɗannan kwaɗuna, amma da sharaɗin ba zai bayyana wannan sashe na rubutun ba. Ka ji inda aka haɗa ruwa da mai: tsarin da aka gina a kan bayyana komai, da kwaɗon da duk ƙarfinsa yana cikin ɓoye yadda yake aiki.

Sai kuma doka ta shigo ta ƙara dagula lissafi. Bayan yarjejeniyar kare haƙƙin mallaka ta duniya ta 1996, Amurka ta kafa dokar DMCA a 1998, wadda ta haramta fasa kwaɗon hana kwafi, ko da kuwa mai fasawar shi ne ya sayi kayan. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001, Faransa ta shigar da tata a 2006. Idan ba a manta ba, a 1999 wani yaro ɗan ƙasar Norwe mai shekara 15, Jon Johansen, tare da wasu mutum biyu, sun fitar da manhajar da ke buɗe faifan DVD, a lokacin da masu Linux ba su da wata hanya ta halal da za su kalli fina-finan da suka saya. An gurfanar da shi gaban shari'a, kuma sau biyu kotunan ƙasarsa suna wanke shi a 2003. Amma saƙon ya isa inda ake so: mutum yana iya mallakar faifai, ya mallaki kwamfuta, sannan haɗa su biyun ya zama laifi.

Da a ce wannan kwaɗo yana hana sata da gaske, da sai mu ce a yi haƙuri da shi. To mu duba abin da ya faru. A 2008 kamfanin EA ya fitar da wasan Spore da kwaɗon SecuROM, wanda ya ƙayyade wa mai saye ɗora wasan sau 3 kacal, kafin a mayar da shi 5 bayan jama'a sun yi ca. Tun kafin ranar fitarsa kasuwa ɓarayin fasaha sun riga sun fasa shi, kuma ƙididdigar da masu bin diddigin wannan harka suka fitar ta nuna shi ne wasan da aka fi sata a wannan shekara, an sauke shi sau miliyan 1.7. A 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya zo da sabon salo a wasan Assassin's Creed II: dole kwamfuta ta kasance a haɗe da intanet muddin ana wasa, ko da mutum shi kaɗai yake yi. A watan Maris na wannan shekara manyan kwamfutocin kamfanin suka tsaya, sai waɗanda suka biya kuɗinsu suka yi zaune suna kallon allo. Bayan ƴan makonni aka fasa kwaɗon, ɓarayi suka ci gaba da wasansu babu intanet babu fargaba. A 2012 kamfanin ya sanar da cewa ya bar wannan tsari.

Abin bai tsaya nan ba. A 2015 Microsoft da kansa ya daina karɓar kwaɗon SafeDisc a Windows 10, saboda ya zama kafar da miyagu ke iya bi su shiga kwamfuta. Nan take ɗimbin tsofaffin faifai na asali suka zama abin ado. Mai gaskiya da ya adana faifansa shekara goma, idan yana son ya sake kunna shi, sai ya je ya roƙi makulli wurin ɓarawo. Shi ma Denuvo, kwaɗon da wani kamfanin ƙasar Ostiriya ya fitar a 2014 kuma wanda manyan wasanni da yawa ke ɗauke da shi a yanzu, yana da nasa tarihin. A 2018 shugaban masu haɗa wasan Tekken 7 ya amsa cewa kwaɗon ne ke sa wasan yana ciccijewa. A 2021 masu gwaji sun tabbatar cewa kwafin sata na Resident Evil Village ya fi na saye tafiya sumul, sai da kamfanin Capcom ya fitar da gyara. A watan Nuwamba na shekarar kuma, wa'adin wani adireshin intanet da kwaɗon ke tuntuɓa ya ƙare ba a sabunta ba, wasanni da dama suka ƙi buɗewa. A duk waɗannan lokuta, wa ya sha wuya? Wanda ya biya.

A gaskiya al'amura sun sauya sosai ga masu Linux, kuma ya kamata a faɗa. Kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya buɗe ta ga Linux a 2013. A 2018 ya fitar da Proton, wato Wine da aka inganta aka haɗa da wasu kayan aiki, sannan a 2022 ya fitar da na'urar wasa ta hannu mai suna Steam Deck, wadda Linux ne ke tafiyar da ita. A yau dubban wasannin da aka rubuta don Windows suna tafiya a kan Linux da latsa maɓalli ɗaya, kuma a 2025 masu Linux sun haura kashi 3 cikin 100 na masu amfani da Steam. Wato an gama da uzurin cewa tsarin ba zai iya ba. Abin da ya rage shi ne kwaɗo. Denuvo yakan yarda da Proton, amma yana ƙidaya sau nawa aka ɗora wasa a sabuwar kwamfuta, kuma iyakarsa 5 a cikin awa 24. Idan mai Linux ya sauya samfurin Proton don neman wanda ya fi dacewa da wasansa, sai kwaɗon ya ɗauka sabuwar kwamfuta ce. Ya yi haka sau biyar, sai a kulle shi har gobe, a kan kwamfuta ɗaya, da wasa ɗaya, da kuɗinsa.

Babban shingen da ya rage yanzu shi ne ɗan'uwan wannan kwaɗo, wato manhajar hana maguɗi a wasannin da ake fafatawa da jama'a ta intanet. A nan dole mu yi adalci, domin manufarta daban ce. Mai maguɗi yana ɓata wa dubban mutane wasa, kuma kamfani yana da haƙƙin korar sa. Matsalar ita ce hanyar da aka zaɓa. Irin su Vanguard ta kamfanin Riot suna zama ne a can cikin zuciyar tsarin kwamfuta, inda za su iya ganin duk abin da ke gudana. Kamfanonin suna cewa a kan Linux ba za su iya amincewa da zuciyar tsarin ba, tunda mai kwamfuta yana iya sauya ta yadda ya so. Saboda haka a 2024 aka rufe wa masu Linux ƙofar League of Legends, aka rufe ta Apex Legends, aka rufe sashen intanet na GTA V, wasu bayan sun shekara da shekaru suna yi har sun kashe kuɗi a ciki. Fortnite kuwa ba a taɓa buɗe musu shi ba, duk da cewa tun 2021 manhajar hana maguɗi ta kamfanin da ya mallaki wasan tana iya aiki da Proton ga duk wanda ya so ya kunna ta.

Mu a namu ganin, hujjar kamfanonin ita ce ke tona asirin lamarin. Abin da suke cewa a fakaice shi ne, ba za su yi hulɗa da kai ba sai ka yarda su fi ka iko a kan kwamfutarka. Kuma tarihi ya nuna haɗarin miƙa wa baƙo makullin ƙuryar ɗaki. A 2005 wani masani mai suna Mark Russinovich ya gano cewa faifan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka su, kuma ba a jima ba masu ƙirƙirar ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fara fakewa a bayanta. A 2022 masu garkuwa da bayanan jama'a don neman kuɗin fansa sun yi amfani da manhajar hana maguɗi ta wasan Genshin Impact suka kashe garkuwar kwamfutoci. A watan Yuli na 2024 kuma, kuskure ɗaya a manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike, wadda ita ma a wannan ƙurya take zama, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, har jiragen sama da asibitoci suka tsaya cik. Idan haka ta faru da kamfanin da tsaro ne sana'arsa, me zai sa mu saki jiki da na wasa?

Kada wani ya ɗauka muna ɗaure wa satar fasaha gindi. Ko kusa. Mun san yadda masu kwafin faifai suka karya ƴan fim na Kano da mawaƙanmu, mutum ya ci bashi ya yi aiki, wani ya kwashe riba a bakin kasuwa. Masu haɗa wasa su ma mutane ne masu iyali. Kuma gaskiya ne cire kwaɗo ba ya mayar da kowa mutumin kirki. Mutum biyun da suka haɗa wasan World of Goo a 2008 sun sake shi babu kwaɗo, daga baya suka ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na masu yin sa ba su biya ba. Amma abin lura shi ne, su da kansu ba su ga cewa kwaɗo zai sauya wannan lissafi ba. A 2010 aka haɗa wasansu da wasu aka sayar a dunƙule da sunan Humble Indie Bundle, babu kwaɗo, kowa ya biya abin da ya ga dama. An tara sama da dalar Amurka miliyan 1, kuma masu Linux, waɗanda ake yi wa kallon ƴan son banza, su ne suka fi kowa biya da tsoka idan aka raba bisa kan mutum. Haka nan kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya buɗe kasuwar GOG a 2008 don sayar da wasanni marasa kwaɗo, ya saka nasa wasan The Witcher 3 a ciki a 2015, kuma hakan bai hana wasan sayar da kwafi sama da miliyan 50 ba. Shugaban Valve, Gabe Newell, ya taɓa bayyana a 2011 cewa yawancin satar fasaha daga rashin kyakkyawar hidima take tasowa: wanda ya fi ɓarawo sauƙaƙa wa mai saye, shi zai ci kasuwa.

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada, mu da muke fama da abin sakawa a bakin salati? Ruwanmu a ciki yana da yawa. Mafi yawan kwamfutocin da ke gidajenmu da makarantunmu da gidajen intanet na gwanjo ne. A watan Oktoba na 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 na yau da kullum, kuma Windows 11 ba ya karɓar tsofaffin kwamfutoci da yawa saboda ba su da wasu kayan da ya gindaya. Ga irin waɗannan na'urori, Linux ne hanya ta halal kuma ta kyauta da za su ci gaba da aiki cikin aminci. Amma matashi ba zai rungumi tsarin da wasan da abokansa ke yi ba ya tafiya a kai ba. Sai ya koma wa kwafin sata na Windows da na wasa, waɗanda sau da yawa ƙwayoyin cuta ke maƙale a jikinsu. Alhali ta ƙofar wasa ne yara da yawa a duniya suka shiga ilimin kwamfuta har suka zama gwanaye. Bugu da ƙari, kwaɗon da ke neman intanet a kowane lokaci an ƙera shi ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. A wurinmu, inda ake sayen intanet da awo, sabon wasa kuma yana kai dalar Amurka 70, wato kimanin jika 40 na sefa, wanda ya daure ya biya shi ne zai fi kowa wahala.

Akwai kuma tambayar da ta fi duka: shin abin da muka saya namu ne? A ƙarshen watan Maris na 2024 Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da wasan tseren motoci na The Crew, wanda ya fito a 2014, sai wasan ya mutu murus a hannun duk wanda ya saya, har da masu faifai. Wannan ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta samu sa hannun mutane fiye da miliyan 1 a 2025. Jihar Kalifoniya ta Amurka ita ma ta kafa doka a 2024 da ta tilasta wa masu sayarwa su faɗa wa mutum a fili idan lasisi kawai yake karɓa. Ashe abin da masu Linux suka shekara ashirin suna kuka a kai, ana ce musu masu tsattsauran ra'ayi, shi ne ya zo ya sami kowa.

Saboda haka muna kira ga kamfanoni da su rubuta a fili, kafin a biya, irin kwaɗon da ke jikin wasa da tsarin da ba zai yi aiki a kai ba. Su cire kwaɗon bayan watannin farko da ake yin babban ciniki, kamar yadda wasunsu suka riga suka fara yi. Su mayar da farautar masu maguɗi can kan nasu manyan kwamfutocin, maimakon su tare a ƙuryar ɗakin jama'a. Idan kuma za su daina kula da wasa, su bar shi a yanayin da mai shi zai iya kunnawa. Ga hukumominmu na kare haƙƙin mallaka da ƴan majalisa, idan za a sabunta dokoki, kada a kwafo na Amurka da Turai ido rufe. A hukunta mai kwafi don sayarwa, amma a bar wa wanda ya sayi kaya damar amfani da shi a kan tsarin da ya zaɓa. Mu kuma masu saye, mu riƙa tambaya kafin mu biya, kuma idan da hali mu kai kuɗinmu wurin wanda ya ɗauke mu abokan ciniki, mu ƙaurace wa wanda ya ɗauke mu ɓarayi tun daga bakin ƙofa.

Mai kaya yana da haƙƙin ya tsare kayansa, babu mai musun wannan. Amma da zarar ya karɓi kuɗi ya miƙa kaya, adalci shi ne ya haɗa da makulli. Allah ya sa masu abin su ji, su kuma gyara.